Baƙar Tsutsa Mai Awo: Yadda Faɗa-wutan Daji Ya Zama Annoba a Gonakin Shayin Indiya

Tun wajen shekarar 2006 manoman shayi a arewa maso gabashin Indiya suke fama da wata tsutsa baƙa mai ratsin fari, wadda ke tafiya tana lanƙwashewa tana miƙewa kamar mai awon taƙi. Ta fara yin ƙamari ne a yankin Duwars da Tarai na jihar Bengal ta Yamma, a gindin tsaunukan Himalaya kusa da iyakar Butan, daga baya kuma ta zama abin kuka a gonakin Asam, jihar da ke samar da kusan rabin shayin da Indiya ke nomawa. Sau da yawa idan aka ji labarin an mayar da lodin shayi saboda ragowar maganin ƙwari, ko an tsaurara dokar feshi, ko ƙananan manoma sun yi taƙaddama da masana'antun da ke sayen ganyensu, sunan wannan tsutsa yana cikin waɗanda ake ambatawa.

Abin da ke rikita mai bin labarin shi ne yadda ake kawo shi. Wasu rahotanni suna magana kamar baƙuwar halitta ce da ta shigo daga wata nahiya, irin yadda tsutsar masara ta bayyana a Najeriya a 2016 daga nahiyar Amurka. Wasu suna ɗora laifin kacokan a kan sauyin yanayi, wasu kuma a kan yawan feshi. Gaskiyar lamarin ita ce wannan ƙwaro ɗan gida ne a Asiya, masana sun san shi tun ƙarni na 19, kuma ya daɗe yana rayuwa a dazuzzukan da ke maƙwabtaka da gonakin ba tare da ya dami kowa ba. Saboda haka tambayar da ta dace a yi ita ce: me ya canja a gonar shayi har ya mayar da ita gidansa? Ba za a iya amsa wannan ba sai an san yadda shi kansa ƙwaron yake rayuwa.

Sunaye da ma'anarsu

Faɗa-wuta shi ne ɗan'uwan malam-buɗe-littafi mai yawon dare, wanda ke kewaye fitila har ya faɗa cikinta. Tsutsa da faɗa-wuta halitta ɗaya ce a matakai biyu na rayuwa: ƙwai ya ƙyanƙyashe tsutsa, tsutsa ta ci ta ƙoshi ta shiga kwanso ta kwanta, daga kwanson ne mai fiffike ke fitowa ya sake yin ƙwai. Mai fiffiken ba ya taɓa ganyen shayi da baki. Ɓarnar duka ta tsutsa ce.

Masana suna rarraba faɗa-wuta dangi-dangi, kuma dangin da ake magana a kansa a nan sunansa Geometridae. Sunan ya fito ne daga kalmomin Girkanci biyu, ɗaya tana nufin ƙasa, ɗaya tana nufin awo, wato masu awon ƙasa. Dangi ne babba ƙwarai, domin nau'o'in da aka riga aka rubuta a cikinsa sun haura 23,000, kuma mafi yawansu a ƙasashe masu zafi suke.

Dalilin sunan yana jikin tsutsar. Tsutsar yawancin faɗa-wuta tana da ƙafafu shida na ainihi kusa da kai, sannan tana da wasu ƙafafun nama guda goma a jere ƙarƙashin ciki, shi ya sa take rarrafe jikinta manne da ganye. Ita kuwa tsutsar wannan dangi ƙafafun naman nata huɗu ne kawai, dukansu a can baya, tsakiyar jikinta babu abin takawa. Idan za ta yi tafiya sai ta kama ganye da ƙafafun gaba, ta jawo na baya su zo daf da su har gadon bayanta ya tashi sama kamar baka, sannan ta saki gaba ta miƙe tsawonta ta sake kamawa. Duk wanda ya taɓa ganin mai sayar da yadi yana awo da babban yatsa da manuni, yana haɗe su yana warewa, ya ga tafiyarta. Wannan siffa tana da wani amfani kuma: idan tsutsar ta ji motsi takan kafa ƙafafun baya ta sandare a karkace, sai ta koma tamkar ɗan busasshen reshe, tsuntsu ya wuce bai gan ta ba.

Nau'in da ya addabi shayin Indiya shi ne Hyposidra talaca. Masanin ƙwari na Ingila Francis Walker, wanda ya yi aikin rubuta tarin ƙwarin da ke gidan adana kayan tarihi na Birtaniya a Landan, shi ne ya fara bayyana shi a rubuce a 1860. Ana samunsa daga Indiya da Siri Lanka zuwa Tailan, Taiwan, Filifin, tsibiran Indunusiya, Sabuwar Gini, har zuwa jihar Kwinslan a arewa maso gabashin Ostireliya. Akwai ɗan'uwansa na kusa, Hyposidra infixaria, wanda sau da yawa ake samunsu tare a gona ɗaya. Akwai kuma wani mai awon dabam, Biston suppressaria, wanda manoman Asam suka sani tun ƙarshen ƙarni na 19, kuma shi ne ake nufi a da idan an ce tsutsa mai awo ta shiga shayi. Bambanta wannan tsohon sani da sabon yana da muhimmanci, domin dabarun da aka gada na yaƙi da tsutsa mai awo an gina su ne bisa ɗabi'un tsohon, kuma yawancinsu ba su zauna daidai a kan sabon ba.

Daga ɓawon itace zuwa ƙarƙashin ƙasa

Mai fiffiken ba abin kallo ba ne. Launinsa toka-toka ne mai duhu da ya karkata zuwa ruwan ƙasa, da wasu layuka marasa haske da suka ratsa fikafikan. Namiji idan ya buɗe fiffike faɗinsa bai wuce santimita uku da ɗan wani abu ba, mace kuwa ta fi shi girma sosai, kuma ƙarshen fikafikanta na gaba a lanƙwashe yake kamar bakin lauje. Namijin yana da ƙahonnin ji masu gashi kamar mataji, da su yake shinshino ƙamshin da mace ke saki cikin dare don kiransa. Da rana sukan lafe a jikin itace fikafikai a shimfiɗe, launinsu ya saje da ɓawo. Kamar sauran danginsu, suna da wata gaɓar ji a farkon ciki, wadda ke kama sautin da jemage ke fitarwa lokacin farauta, sautin da kunnen ɗan Adam ba ya iya ji.

Abu mafi muhimmanci a rayuwar wannan ƙwaro, ga mai son fahimtar dalilin da ya sa yake da wuyar magani, shi ne wurin da mace ke ajiye ƙwai. Ba a kan ganyen shayi take yinsa ba. Gonakin shayi na Asam da Duwars ana dasa musu dogayen itatuwa a tsakani domin su rage wa shayin zafin rana, yawancinsu daga jinsin Albizia, masu ƙananan ganye da inuwa mara kauri. Ɓawon waɗannan itatuwa idan sun tsufa yana tsagewa yana ɗagowa, gansakuka kuma tana kama shi. A cikin waɗannan tsage-tsage ne mace ke cusa ƙwanta, ɗaruruwa a dunƙule, masu launin kore da ya ɗan yi shuɗi, sau da yawa a tsayin da hannun ma'aikaci ko bakin injin feshi ba ya kaiwa.

Bayan kamar mako guda ƙwai ya ƙyanƙyashe. Sabuwar tsutsar ƙanƙanuwa ce, tsawonta milimita kaɗan, baƙa wuluk da zobba farare da suka kewaye jikinta, kuma daga wannan kama ne ta samo sunan baƙar mai awo. Tana fitowa sai ta saki zare siriri daga bakinta kamar na gizo-gizo, ta rataya, iska ta kwashe ta ta watsa a kan shayin da ke ƙasa. Wanda ya shiga gona da safe a irin wannan lokaci zai ga zaruruwan suna ƙyalli a ƙarƙashin itacen inuwa, kowanne da ɗigon baƙi a ƙarshensa. Itacen shayi kuwa ana datse shi ne a kai a kai a tsayin ƙugu, samansa a baje kamar tebur, domin masu tsinka su riƙa samun sabon toho cikin sauƙi. Wannan tebur na ɗanyen toho shi ne abin da tsutsar ke sauka a kai.

A kwanakin farko cinta kaɗan ne, 'yan ƙananan huji da gatsa a gefen sabon ganye, waɗanda sai mai lura zai gani. Tana girma tana saɓa fata, galibi ta bi matakai biyar, launinta yana barin baƙi yana komawa ruwan ƙasa, har ta kai tsawon santimita huɗu zuwa biyar. Mafi yawan ganyen da za ta ci a rayuwarta a matakai biyu na ƙarshe take cinsa. A lokacin ba ta zaɓe: ta gama da toho, ta sauka kan tsofaffin ganyen da ke ciyar da itacen, ta bar jijiyar tsakiya kawai. Sashen gonar da suka yi wa yawa yakan koma kamar wuta ta bi ta kansa, kuma asarar ba ta tsaya a tsinkar wannan mako ba, domin itacen da aka cinye masa tsofaffin ganye yana ɗaukar lokaci kafin ya sake toho mai ƙarfi.

Idan ta gama ci sai ta sauka ƙasa, ta shige cikin turɓaya mai laushi a gindin shayin, ta zama kwanso mai launin ja-ja da ya yi duhu. A lokacin zafi da damina, daga ƙwai zuwa fitowar sabon mai fiffike bai cika wuce wata ɗaya da 'yan kwanaki ba. A lokacin sanyi yakan kai kusan wata biyu. Ke nan ƙwai yana saman itacen inuwa, tsutsa tana kan shayi, kwanso yana cikin ƙasa, mai fiffike yana yawo cikin dare. Feshin da aka yi wa shayi yana samun kashi ɗaya ne kawai cikin huɗun nan.

Me ya fito da shi daga daji

Hyposidra talaca ba mai zaɓen abinci ba ne. An same shi yana cin ganyen kashu, gwaiba, lemo, rogo, kofi, koko, roba, zurma, da manyan itatuwan katako irin su tik da sal, har da ciyayin da ke fitowa a gefen gona. A Indunusiya da Maleshiya an daɗe da saninsa a matsayin mai ɓarna a gonakin koko. A Duwars kuwa gonakin shayi da aka fara kafawa tun shekarun 1870 suna manne da dazuzzukan sal, kuma nan ne mazauninsa na asali. Halittar da ke iya rayuwa a kan tsirrai masu yawa haka ba ta buƙatar wani babban sauyi a jikinta kafin ta koma wa sabon abinci. Buɗe mata hanya kawai ya isa.

Bayanin farko da ake bayarwa shi ne raguwar daji. An sare itatuwa, an mayar da filaye gonaki da matsugunai, ƙananan gonakin shayi kuma sun yaɗu har bakin dajin da ya rage. Masu wannan ra'ayi suna nuni da cewa annobar ta fara ne a gonakin da ke kusa da daji kafin ta bazu. Hujja ce mai nauyi, amma ita kaɗai ba ta bayyana dalilin da ya sa ƙwaron ya zauna daram a gonakin da ke nesa da kowane daji ba.

Bayani na biyu yana duban yanayi. Tsohon mai awo, Biston suppressaria, yana da hutun sanyi: idan hunturu ya shigo, kwansonsa yana kwance cikin ƙasa ba motsi har sai zafi ya dawo, kuma zuriyar da yake yi a shekara ba ta da yawa. Wannan hutu ne ya ba manoman da damar shiryawa, domin sun san lokacin da za a tona ƙasa a tsince kwanso, sun san watan da mai fiffike zai fito. Baƙar mai awo ba ta da irin wannan hutu. Sanyi yana rage mata sauri ne kawai, kuma tana iya yin zuriya shida zuwa takwas a shekara, wata na hawa kan wata, ta yadda a rana ɗaya za a samu ƙwai da ƙaramar tsutsa da babba da kwanso duk a sashe ɗaya na gona. Bayanan yanayi da cibiyar binciken shayi ta Toklai da ke Jorhat ta tara, cibiyar da aka kafa tun 1911, sun nuna cewa mafi ƙarancin zafi a yankin ya ƙaru da fiye da digiri ɗaya cikin kusan ƙarni guda, ruwan sama na shekara kuma ya ragu da kimanin milimita 200. Hunturu mai ɗumi da tsawon rani kafin damina duka suna taimakon ƙwaron da ba ya hutu, sannan itacen shayin da fari ya galabaita ba ya jure cizo kamar mai ƙoshin ruwa.

Bayani na uku yana komawa kan feshi. Shekaru da dama ana yi wa gonakin feshin magunguna masu kashe kowane irin ƙwaro, domin yaƙi da wasu maƙiyan shayi kamar ƙwaron da ke tsotse ruwan toho da jan ƙuma na ganye. Irin wannan magani ba ya bambanta mai ɓarna da mai taimako: yana kashe gizo-gizo da ƙananan rina da sauran masu farautar tsutsa. Ƙwaron da ke iya hayayyafa har sau takwas a shekara kuwa yana farfaɗowa da sauri fiye da maƙiyansa, kuma yana saurin sabawa da guba. Binciken da aka yi a Jami'ar Arewacin Bengal ya nuna cewa tsutsar da aka ɗauko daga gonakin da ake yawan feshi tana da sinadaran narkar da guba a jikinta fiye da wadda aka ɗauko daga gonakin da ba a feshi, kuma baƙar mai awo ta fi tsohon mai awo ƙarfi ta wannan fuska.

Idan aka auna bayanan uku, ba su ture juna ba. Kowannensu yana amsa wani ɓangare ne na tambayar: raguwar daji ta bayyana yadda ƙwaron ya shigo, ɗumamar hunturu ta bayyana yadda ya samu zama duk shekara, feshi kuma ya bayyana yadda ya rinjayi tsohon mai awo ya gaje wurinsa. Saɓanin da ke tsakanin masana a kan nauyin kowanne ne. Sai dai akwai abin lura a yadda ɓangarori ke zaɓen bayanin da za su ɗaga. Masu manyan gonaki sun fi ambaton yanayi, abin da ba ya hannunsu, masu rajin kare muhalli kuma sun fi ambaton feshi, abin da ake iya hanawa da doka. Akwai kuma abu na huɗu da ba a cika saka shi cikin jerin dalilai ba alhali shi ne shimfiɗar komai, wato tsarin gonar kanta: dubban kadada na tsiro iri ɗaya mai sabon toho kusan duk shekara, da itatuwan inuwa masu tsagaggen ɓawo tsaye a kansa.

Tsakanin tsutsa da dokar ragowar magani

Shayi ya bambanta da yawancin amfanin gona ta wata fuska da ke ƙara wa lamarin wuya. Abin da ake tsinka shi ne ganye biyu da ɗan toho a tsakiyarsu, ana zagayowa kusan kowane kwana bakwai a lokacin damina, kuma ba a wanke ganyen kafin a sarrafa shi. Wurin da tsutsa ke ci, nan ake fesawa, nan kuma ake tsinka. Duk maganin da bai gama lalacewa ba kafin zagayen tsinka na gaba zai bi ganyen zuwa masana'anta.

Ƙasashen da ke sayen shayi suna da iyakar ragowar magani da suka yarda da ita. A Tarayyar Turai, duk sinadarin da ba a ware masa iyaka ta musamman ba ana riƙe shi a kan miligiram 0.01 cikin kilo ɗaya, adadin da kusan shi ne mafi ƙanƙantar abin da na'urar gwaji ke iya ganowa. A cikin gida kuma Kotun Ƙolin Indiya ta hana amfani da endosulfan a 2011, maganin da gonakin shayi suka daɗe suna dogaro da shi. A 2014 Hukumar Shayi ta Indiya, mai hedikwata a Kalkata, ta fitar da ƙa'idar kare tsirrai wadda ta lissafa magungunan da aka yarda a yi amfani da su a shayi, da adadinsu, da kwanakin jira tsakanin feshi da tsinka, kuma ana sabunta ta lokaci zuwa lokaci.

Masu goyon bayan ƙa'idar suna cewa ita ce ke kare lafiyar mai sha da ta ma'aikacin da ke goye da tankin feshi, kuma ita ce ke riƙe wa shayin Indiya kasuwarsa a waje. Manoma da dama ba su musanta wannan ba, amma suna cewa jerin magungunan da aka amince da su gajere ne, waɗanda ke aiki sosai a kan tsutsa mai awo, irin su emamectin da flubendiamide, suna da tsada, kuma idan aka taƙaita manomi a kan 'yan magunguna ƙalilan dole ya maimaita su, maimaitawar kuwa ita ce ke koya wa tsutsa jurewa. Duka maganganun biyu gaskiya ne. Abin da masu bincike ke jaddadawa, kuma yana da tushe a rayuwar ƙwaron, shi ne cewa lokacin feshi ya fi ƙarfin magani muhimmanci. Ƙaramar tsutsa baƙa tana mutuwa da ɗan abu kaɗan, babba mai ruwan ƙasa kuwa tana jurewa, kuma a lokacin da ɓarnarta ta fito fili har aka lura, yawanci ta riga ta girma. Gonar da ke da ma'aikatan da ke zagayawa suna duba toho da gindin itatuwan inuwa tana kashe kuɗin magani ƙasa da wadda ke jira sai ta ga ganye ya ƙare.

Maƙiyanta na halitta da aikin hannu

Baƙar mai awo tana da cutarta. Akwai wata ƙwayar bairos da ke kama ta ita da makusantanta, ba ta taɓa mutum ko tsuntsu ko ƙudan zuma. Tsutsar da ta ci ganye mai ɗauke da ƙwayar takan daina ci, ta hau can saman reshe, ta mutu a rataye kai ƙasa, jikinta ya narke ya ɗiga a kan ganyen da ke ƙasa, wasu su ci su kamu. A wasu lokutan cutar da kanta takan karya annoba a gona. An yi ƙoƙarin tattara ta a mayar da ita maganin fesawa, sai dai hasken rana yana lalata ta da sauri, tana ɗaukar kwanaki kafin ta kashe, kuma ba a iya hayayyafa ta sai a jikin tsutsa mai rai, abin da ke sa samar da ita da yawa ya yi wuya.

Akwai kuma wata ƙaramar rina ta jinsin Cotesia da ke soka ƙwanta a jikin ƙaramar tsutsa, ɗanta ya ci ta daga ciki. Gizo-gizo, tsuntsaye, da wasu ƙwari masu tsinin baki suma suna farautarta. Ana amfani da ƙwayar bakteriya mai suna Bacillus thuringiensis, da kuma man 'ya'yan darbejiya, itacen da asalinsa daga can yankin Indiya aka kawo shi ƙasar Hausa, kuma dukansu sun fi tasiri a kan ƙaramar tsutsa.

Sauran dabarun na hannu ne, kowace tana nufin matakin da feshi ba ya kaiwa. Ana kankare ɓawon itatuwan inuwa a cire gansakuka a shafa farar ƙasa, domin mace ta rasa maɓoyar ƙwai. Ana ɗaura leda mai danƙo a jikin itatuwan don kama masu fiffike, ana kunna tarkon fitila da dare, ana tona gindin shayi a lokacin sanyi a tsince kwanso, ana kuma tsintar manyan tsutsotsi da hannu. Sare itatuwan inuwa gaba ɗaya ba mafita ba ne, domin a zafin Asam shayin da ba shi da inuwa yana ƙonewa, jan ƙuma kuma yana ƙaruwa a kansa. Duk waɗannan ayyuka suna cin ma'aikata, kuma suna aiki ne idan maƙwabta sun yi tare, tunda mai fiffike da zaren da iska ke ɗauka ba su san iyakar gona ba.

Wanda asarar ke sauka a kansa

Indiya ce ta biyu a duniya wajen noman shayi bayan Sin, tana samar da kimanin kilo biliyan 1.3 a shekara, kuma ma'aikatan gonakin sun haura miliyan ɗaya, fiye da rabinsu mata. Mai tsinka tana da ƙayyadadden nauyin ganye da za ta cika a rana, sama da kilo 20, kafin ta cancanci cikakken lada, wanda a yawancin gonakin Asam da na Bengal ta Yamma ya kai rufi 250, kuɗin Indiya, a 2023, kuma abin da ta tsinka bayan wannan nauyi shi ne ƙarin da take samu. Idan tsutsa ta cinye toho, ƙarin ne ke fara tafiya. Ma'aikatan wucin gadi da ake ɗauka lokacin da ganye ya yi yawa su ne ake fara sallama. Masu feshi kuma, waɗanda galibi maza ne, zagayensu yana ƙaruwa, haka ma yawan gubar da ke taɓa fatarsu da numfashinsu.

Ƙananan manoma, waɗanda doka ta bayyana da masu gonar da ba ta wuce kadada 10.12 ba, yanzu su ne ke samar da kusan rabin shayin ƙasar. Ba su da masana'anta, suna sayar da ɗanyen ganye ne a ranar da suka tsinka, domin ba ya kwana. Yawancinsu ba su da masanin ƙwari a kusa, shawarar da suke samu daga mai shagon magani take fitowa, kuma shi abin da ke shagonsa zai ba su. Idan aka gwada shayi aka samu haramtaccen sinadari, masana'antar ce ke ɗaukar hukunci, alhali ta haɗa ganyen ɗaruruwan manoma a injin ɗaya. Wannan ne ya haifar da taƙaddamar da aka yi a Asam a 2024, lokacin da masana'antun da ke sayen ganye suka ce ba za su karɓi wanda ba shi da shaidar gwaji ba, manoma kuma suka ce ba su da wurin gwaji ko kuɗinsa. Ba tsutsa mai awo kaɗai ce ke sa manomi feshi ba, ƙwaron da ke tsotse toho ma yana da babban kaso, amma ita ce wadda ke iya mayar da koren gona ƙirare cikin 'yan kwanaki, kuma manomin da ya ga haka ba ya tsayawa karanta jerin abin da aka halatta.

Ga mai shan shayi a nesa tasirin ba ya bayyana kai tsaye, domin ana cakuɗa shayin ƙasashe da dama kafin a zuba shi a fakiti, kuma idan na Asam ya yi ƙaranci 'yan kasuwa sukan cike giɓin da na Kenya ko na Siri Lanka. Inda abin ke fitowa fili shi ne a tsinkar watannin Mayu da Yuni, wadda ita ce mafi daraja a Asam kuma a kanta gonaki da yawa ke samun ribar shekara. Tsutsar da ta tsallake hunturu ba tare da hutu ba takan fara yawa tun daga Fabrairu da Maris a sassan da ba a datse ba, zuriyarta ta biyu da ta uku kuma suna isowa daidai lokacin da wannan toho mai tsada ke fitowa.